Kalmar "Nano" a Jikin Kwalin Waya da Talabijin: Ina Kimiyya Ta Tsaya, Ina Talla Ta Fara?

Duk wanda ke yawan duba kwalayen kayan lantarki zai lura cewa kalmar "nano" ta zama ruwan dare. Furosesar waya an ce 3nm ce. Talabijin an ce QLED ce mai ɗigon kwantum. Batir an ce silikon-kabon ne, fawa bank an ce girafin ne a cikinsa, kai har da wani ruwa a ɗan mitsitsin kwalba da ake shafa wa sikirin a ce maka ya fi gilashin kariya. Kowanne daga cikinsu kuma ƙarin kuɗi ake nema a kansa. Wasu daga cikin waɗannan abubuwa aikin shekaru arba'in ne na masana sinadarai da fizik, har an ci kyautar Nobel a kansu. Wasu kuwa rubutu ne kawai a jikin kwali. Idan ka fahimci abu ɗaya, wato dalilin da ya sa ƙanƙantar abu ke canza halinsa, za ka iya rarrabe su da kanka ba sai mai shago ya yi maka bayani ba.

Nanomita nawa ne?

Ka ɗauki mita ɗaya ka raba ta gida biliyan ɗaya. Kashi ɗaya daga ciki shi ne nanomita, ana taƙaita shi da nm. Kaurin gashin kai guda ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000. Farcenka yana ƙara tsawo da kusan nanomita ɗaya a kowace daƙiƙa, wato kafin ka gama karanta wannan layin ya ƙaru da biyar ko shida. Idan ka jera atam, wato ƙwayoyin zarra, guda huɗu ko biyar a layi, ka samu nanomita ɗaya. Masu bincike suna kiran abu da sunan nano ne idan girmansa, ko da ta gefe ɗaya ne, yana tsakanin nanomita 1 zuwa 100.

To amma ƙanƙanta kaɗai ba ita ce labarin ba. Da a ce garin zinare zinare ne kawai wanda aka daka, da babu wanda zai ɓata lokaci a kansa. Abin da ya ja hankalin masana shi ne, idan aka ci gaba da rage girman abu, akwai inda ake kaiwa ya daina yin halin da aka san shi da shi. Launinsa ya canza, yadda yake wuce da lantarki ya canza, zafin da yake narkewa ma ya ragu. Sinadarin bai canza ba, girman ne kawai.

Dalili na farko mai sauƙin ganewa ne. Ka ɗauki wani ɗan dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe, kamar dunƙulen miya. Faɗin fuskokinsa shida a haɗe santimita murabba'i 6 ne. Idan ka yayyanka shi zuwa ƙananan dunƙulaye masu nanomita ɗaya-ɗaya, nauyinsa yana nan yadda yake, amma faɗin fuskokinsu a haɗe zai kai mita murabba'i 6,000, kusan filin ƙwallo guda. Duk wani aiki na sinadarai a fuskar abu yake faruwa, shi ya sa uwar gida ke murje dunƙule kafin ta zuba a tukunya. Zinare da muka sani ba ya tsatsa, da wuya ya haɗu da wani sinadari. Amma a 1987 wani masani ɗan Japan, Masatake Haruta, ya nuna cewa ƙwayoyin zinare da ba su wuce 'yan nanomita ba suna iya juya iskar guba ta kabon monoksaid, irin wadda ke fita daga janareta, zuwa kabon dayoksaid ko a cikin sanyi.

Launin zinaren ma yana canzawa. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani kofin gilashi na Rumawa tun ƙarni na 4, ana kiransa kofin Lycurgus. Idan haske ya faɗa masa ta waje kore ne, idan aka sa haske ta cikinsa sai ya koma ja. Sirrin shi ne ƙwayoyin zinare da azurfa 'yan nanomita goma-goma da ke cikin gilashin. A 1857 Michael Faraday ya yi bayanin ruwan zinare mai launin ja da ya haɗa da hannunsa, kuma kwalabensa suna nan a ajiye har yau. Wataƙila kai ma ka taɓa ganin wannan jan da idonka: jan layin da ke fitowa a da yawa daga cikin 'yan sandunan gwajin maleriya da na ciki, ƙwayoyin zinare ne suka taru a wurin.

Dalili na biyu shi ne ya fi ban mamaki, kuma shi ne ya kai mu ga talabijin.

Ɗigon kwantum: launi daga girma

Mu masu rubuta manhaja mun saba rubuta #FF0000 mu ce wannan ja ne, shi ke nan mu wuce. Amma lambar nan umarni ce kawai. Dole a samu wani abu na zahiri a bayan gilashi da zai fitar da hasken ja, kuma kyan jan da za ka gani ya dogara ne da wannan abin. Haske tafiya yake kamar igiyar ruwa, kuma tsawon igiyar ne ke ba da launi: shuɗi wajen nanomita 450, kore wajen 530, ja wajen 630. Gajeriyar igiya ta fi ƙarfi, wato shuɗi ya fi ja kuzari.

Su ma ilektiron da ke cikin abu suna da halin igiya. A cikin babban dutsen sinadari suna da fili, suna yawo yadda suke so. Idan aka matse su a cikin ƙwaya mai nanomita biyu ko uku, filin ya yi musu kaɗan, sai kuzarinsu ya ƙaru. Ka tuna mai kiɗan garaya ko gurmi. Idan ya danne tsirkiya da yatsa ya rage tsawon ɓangaren da ke kaɗawa, sautin sai ya ƙara kaifi. Idan ya saki, sautin ya yi kauri. Tsirkiya ɗaya ce, tsawon ne ya bambanta. Haka ƙwayar sinadarin kadmiyam selenaid take: mai nanomita wajen 3 tana fitar da kore, mai wajen 6 tana fitar da ja. Sinadari ɗaya, launi daban-daban. Waɗannan ƙwayoyi su ake kira ɗigon kwantum.

Masana fizik sun yi hasashen haka a takarda tun shekarun 1930, sai dai babu wanda ya san yadda zai ƙera abu mai wannan ƙanƙantar. Wanda ya fara kama shi dumu-dumu shi ne Aleksey Yekimov, a wata cibiyar binciken haske da ke Leningirad a tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Tambayarsa mai sauƙi ce: me ya sa sinadari ɗaya ke ba gilashi launi iri-iri? Masu narka gilashi sun daɗe da sanin cewa zafin wuta da tsawon lokaci suna canza launi, amma ba su san dalili ba. Yekimov ya zuba sinadarin kofa kulorayid a gilashi, ya riƙa gasa shi a zafi tsakanin digiri 500 zuwa 700, wani awa ɗaya, wani har awa 96. Da ya auna sai ya ga ƙananan ƙwayoyi sun tsiro a cikin gilashin, daga nanomita 2 zuwa 30, kuma gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya gwargwadon yadda hasken da take sha ke karkata zuwa shuɗi. Ya wallafa wannan a 1981, a wata mujallar Sobiyet da masanan Yamma ba su cika gani ba.

Can kuma a Amurka, a ɗakin bincike na Bell Labs, Louis Brus yana ƙoƙarin amfani da hasken rana wajen haɗa sinadarai, bai ma san da aikin Yekimov ba. Ya haɗa ƙwayoyin kadmiyam salfayid a cikin ruwa, ya yi su ƙanana don ya samu faɗin fuska mai yawa. Sai ya lura idan ya bar su a kan tebur na ɗan lokaci, yadda suke shan haske yana canzawa. Ashe girma suke yi. Da ya gwada sababbi masu nanomita 4.5 da manya masu 12.5, sai ya ga manyan suna yin halin sinadarin da aka saba, ƙananan kuwa sun karkata zuwa shuɗi. Ya wallafa a 1983.

Gano abu daban, iya sarrafa shi daban. Shekaru goma aka yi ana fama, domin duk wanda ya haɗa ɗigon sai su fito manya da ƙanana a cakuɗe, kamar an zuba gero da dawa da masara a buhu ɗaya. Idan girma ne ke ba da launi, to cakuɗaɗɗen girma cakuɗaɗɗen launi zai bayar, babu kamfanin da zai saya. Moungi Bawendi, wanda aka haifa a Faris kuma mahaifinsa ɗan Tunisiya ne, ya yi aiki a ƙarƙashin Brus daga 1988 kafin ya koma jami'ar MIT. A 1993 shi da ɗalibansa suka samo dabarar. Suka ɗumama wani ruwa na musamman ya yi zafi sosai, suka tsirta sinadaran a ciki da allura lokaci guda. Nan take miliyoyin 'ya'yan ƙwaya suka tsiro tare. Shigar sinadaran ta sanyaya ruwan, tsirar sababbi ta tsaya. Daga nan sai suka riƙa ƙara wuta a hankali, waɗanda suka riga suka tsiro suka ci gaba da girma kafaɗa da kafaɗa. Kana son kore, ka sauke da wuri. Kana son ja, ka bar shi ya ƙara jimawa. Girki ne sosai, wuta da lokaci.

Su ukun nan aka ba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a ranar 4 ga Oktoba, 2023. Ga masu karatunmu da ke fama da jarrabawa, Bawendi da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida cewa a jarrabawarsa ta farko ta sinadarai a jami'ar Harvard maki 20 ya ci cikin 100.

To ina suke a cikin talabijin? A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, saboda QLED da OLED harafi ɗaya ya raba su, alhali hanyarsu ba ɗaya ba ce. A sikirin OLED, irin na mafi yawan wayoyi masu ɗan tsada, kowane ɗigon hoto da kansa yake fitar da haske, idan ana son baƙi sai a kashe shi gaba ɗaya. QLED kuwa LCD ce. Akwai fitila a baya, akwai ƙananan tagogi a gaba da ke buɗewa da rufewa. A LCD ta gargajiya fitilar bayan LED ce shuɗiya da aka shafa wa wani sinadari mai ba da rawaya, haɗinsu ya yi kama da fari. Matsalar wannan farin ita ce ja da koren da ke cikinsa ba su da tsabta, sun gauraya da ruwan lemo da rawaya. A QLED sai a bar fitilar shuɗiya, a shimfiɗa wata siririyar leda a gabanta mai ɗauke da ɗigon kwantum iri biyu. Wasu su sha shuɗi su fitar da kore, wasu su fitar da ja, sauran shuɗin ya wuce. Sakamakon shi ne launuka uku tsarkakakku, shi ya sa ciyawar filin ƙwallo da jar riga ke fitowa tar.

Sony ce ta fara sayar da irin wannan talabijin a 2013, Samsung ta shigo a 2015, sannan ta fito da sunan QLED a 2017. A 2022 aka fara sayar da QD-OLED, inda aka haɗa biyun: OLED shuɗiya a ƙasa, ɗigon kwantum a sama. Ra'ayina a nan shi ne, a falo mai yawan haske QLED ta gaskiya ta cancanci ƙarin kuɗinta, amma kada ka saya da tunanin za ka samu baƙin OLED, domin fitilar baya tana nan a kunne. Sannan babu wata doka da ta ce ga adadin ɗigon da dole a zuba kafin a rubuta harafin Q a kwali. Abin da za ka nema a takardar bayani shi ne kason launukan da take iya nunawa a ma'aunin DCI-P3. Mai kyau tana wuce kashi 90 cikin 100. Idan kamfani ya rubuta QLED da manyan haruffa amma ya ɓoye wannan lambar, akwai lauje cikin naɗi.

Akwai kuma zancen guba. Kadmiyam ƙarfe ne mai cutar da ƙoda da ƙashi, dokar Tarayyar Turai ta taƙaita shi a kayan lantarki zuwa kashi 0.01 cikin 100, shi ya sa Samsung ta koma amfani da indiyam fosfayid. A cikin talabijin mai lafiya ɗigon a rufe suke cikin leda, ba sa taɓa kowa. Inda abin ke zama haɗari shi ne idan aka ƙona mataccen sikirin a bola don ciro waya.

Batirin silikon-kabon

Wannan ne ɓangaren da ya fi shafar aljihun mai waya a yanzu. Shekaru da dama batirin manyan wayoyi ya tsaya a wajen 5,000mAh. Kwatsam sai ga wayoyi masu 6,000 da 7,000 ba tare da sun ƙara kauri ba. Abin da ya canza yana ɓangaren batir da ke ajiye caji.

Batirin litiyam ɗakuna biyu ne. Idan kana caji, ƙwayoyin litiyam suna tashi daga ɗaki na farko su shiga na biyu. Idan kana amfani da waya sai su dawo. Tun bayan da Sony ta fara sayar da irin wannan batir a 1991, da kabon ake yin ɗaki na biyu, kuma wanda ya mamaye shi ne girafait, baƙin abin nan na cikin fensir. Sai an haɗa atam shida na kabon kafin su riƙe litiyam ɗaya. A lissafi, giram ɗaya na girafait ba ya wuce 372mAh. Silikon kuwa atam ɗinsa ɗaya yana riƙe kusan litiyam huɗu, giram ɗaya yana kai wajen 3,600mAh. Kusan ninki goma ke nan, kuma silikon daga yashi ake samunsa.

To me ya hana tun tuni? Kumburi. Girafait idan ya cika yana kumbura da wajen kashi 10 cikin 100. Silikon yana kumbura da wajen kashi 300. Ka yi tunanin wake da aka jiƙa ya ninka girmansa, ya bushe ya koma, a sake jiƙa shi gobe, kullum haka. Cikin 'yan kwanaki zai farfashe. Ƙwayar silikon idan ta fashe, gutsattsarin sun rabu da hanyar lantarki, sun zama matattu. Mafi muni, duk inda sabuwar fuska ta buɗe, ruwan batirin yana haɗuwa da ita ya yi wani ɓawo, kuma ɓawon nan litiyam yake ci wanda ba zai dawo ba har abada.

Masu binciken nano ne suka samo bakin zaren. A wajen 2007 ƙungiyar Yi Cui a jami'ar Stanford ta tsiro da silikon a siffar siraran zarurruka, waɗanda ke da filin kumbura ba tare da sun karye ba. A 2012 wasu masu bincike suka kalli ƙwayoyin silikon ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ilektiron suna shan litiyam, suka ga waɗanda suka gaza nanomita 150 suna kumbura ba sa fashewa, waɗanda suka fi haka kuwa suna tsagewa. Ga girma ya sake canza hali.

Sai dai a nan dalili na farko ya juyo ya zama abokin gaba. Ƙananan ƙwayoyi suna da faɗin fuska mai yawa, faɗin fuska kuma yana nufin ƙarin ɓawo mai cin litiyam. An toshe ɓaraka ɗaya, wata ta buɗe. Mafitar da ake bi yanzu ita ce a yi kabon mai ramuka kamar soso, a cusa silikon ɗin a cikin ramukan, a bar masa wurin kumbura, sannan a rufe. Ruwan batir kabon yake gani, silikon yana numfashinsa a ciki. Wannan shi ne "silikon-kabon". Kuma a wayoyin da ke kasuwa silikon ɗin ƙaramin kaso ne, mafi yawan ɗakin har yanzu girafait ne, shi ya sa ƙarin da ka gani kashi goma ne ko ashirin, ba ninki goma ba.

Honor Magic5 Pro ta 2023 misali ce mai kyau. Wadda aka sayar a Caina tana da silikon-kabon mai 5,450mAh, wadda aka fitar waje kuwa 5,100mAh ce, jiki ɗaya. OnePlus 13 ta zo da 6,000mAh. Ka riƙe wannan misalin na Honor idan za ka sayi waya a kasuwa, domin waya mai suna ɗaya tana iya zuwa da batir daban gwargwadon ƙasar da aka yi ta dominta. Abin da ka gani a bidiyon YouTube ba lallai shi ne a kwalin da ke gabanka ba.

Ni ina ganin wannan fasaha ta gaskiya ce kuma ta dace da mai fama da rashin wuta. Amma lambar mAh ba ita kaɗai ce abin dubawa ba. Kumburin an rage shi ne, ba a kawar da shi ba, kuma zafi yana hanzarta duk wani aikin sinadari da ke cinye batir. A garuruwan da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wayar da ake caji a ƙarƙashin filo ko a gaban mota cikin rana tana tsufa da wuri, ko wane irin batir ne a cikinta. Ka nemi adadin zagayen caji da kamfani ya yi alkawari. Tun Yunin 2025 Tarayyar Turai ta wajabta cewa wayar da za a sayar a can ta riƙe aƙalla kashi 80 na ƙarfinta bayan zagaye 800, kuma ana rubuta adadin a takardar makamashi ta wayar. Ko ba a Turai kake ba, kana iya neman wannan takardar a intanet ka kwatanta.

Ga masu sola kuma, batirin nan da ake rubuta wa LiFePO4 shi ma ɗan gidan nano ne. Sinadarin ya fito daga ɗakin binciken John Goodenough a shekarun 1990, amma da farko ba ya wuce da lantarki yadda ya kamata. Sai da aka niƙa shi ƙanana sosai aka lulluɓe kowace ƙwaya da siririn kabon sannan ya yi amfani. Babu mai rubuta "nano" a jikinsa, alhali ba don ita ba da bai shigo gidajenmu ba.

Girafin, wanda sunansa ya riga shi zuwa kasuwa

Girafait shimfiɗu ne na kabon a jere kamar takardun littafi. Idan ka zare shimfiɗa ɗaya tak, mai kaurin atam ɗaya, ita ce girafin. Milimita ɗaya ta girafait tana ɗauke da shimfiɗu wajen miliyan uku. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na jami'ar Mancesta suka ware ta da salatif: su manna a girafait su ɓare, su sake mannawa su ɓare, har ta yi siriri. Suka ci Nobel ta fizik a 2010. Geim ɗin nan dama mutum ne mai son wasa da kimiyya, shi ne ya taɓa sa kwaɗo mai rai ya tsaya a iska da ƙarfin maganaɗisu.

Halayenta abin mamaki ne. Ta fi ƙarfe ƙarfi fiye da sau 100 idan aka kwatanta kauri da kauri, tana wuce da zafi wajen sau goma fiye da jan ƙarfe, kuma kashi 2.3 kawai na haske take sha. Aka yi ta cewa za ta maye gurbin silikon a furosesa. Ba ta maye ba, domin tiransista makunni ce, dole ta iya kunnuwa ta iya mutuwa, ita kuwa girafin ba ta mutuwa yadda ya kamata, lantarki yana ci gaba da zirarewa. Kwamfutar da ba ta iya bambanta 0 da 1 ba kwamfuta ba ce.

Inda ta samu aiki a waya shi ne sanyaya. Huawei Mate 20 X ta 2018 ta zo da shimfiɗar girafin mai ɗauke zafi daga furosesa ta baza shi a faɗin jikin waya, kuma wayoyi da dama sun bi. Amma "batirin girafin" da za ka gani a kwalin fawa bank, batirin litiyam ne na yau da kullum, in an yi sa'a an barbaɗa masa ɗan garin kabon don sauƙaƙa wucewar lantarki. Shi kansa garin akwai magana. A 2018 wasu masu bincike, mafi yawansu daga Singafo, tare da Novoselov da kansa, suka gwada abin da kamfanoni 60 ke sayarwa da sunan girafin, suka samu mafi yawansu girafin ɗin ciki bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran niƙaƙƙen girafait ne. Fawa bank ka auna shi da yawan cajin da yake ba wayarka da saurin da yake yi.

Furosesar "3nm" kuwa ba za mu daɗe a kanta ba. Tiransistocin ciki ƙanana ne da gaske, A17 Pro ta iPhone 15 Pro tana ɗauke da biliyan 19. Amma lambar 3 ɗin sunan zango ne, ba awon wani sashe ba. Tazarar da ke tsakanin tiransista da maƙwabciyarta ta haura nanomita 40. A 2021 Intel ta ɗauki fasaharta da take kira 10nm ta sake mata suna Intel 7, babu abin da ya ragu sai lamba. Daga kamfani ɗaya, ƙaramar lamba tana nufin sabon zango mai ƙarancin cin batir. Tsakanin kamfanoni biyu kuwa, gwajin aiki ne zai raba gardama.

Ruwan shafa wa sikirin

A gilashin waya akwai nano ta gaskiya. Ceramic Shield da Apple ta fara sawa a iPhone 12 a 2020 gilashi ne da aka tsiro da ƙananan ƙwayoyin tangaram a cikinsa don su tare tsaga idan ta taso. Tangaram ba a gani ta cikinsa, amma saboda ƙwayoyin sun fi igiyar haske ƙanƙanta nesa ba kusa ba, haske yana wucewa kamar ba sa nan. Santsin da kake ji a sabuwar waya shi ma wani rufi ne mai 'yan nanomita da ke korar maiƙon yatsa, kuma yana gogewa da amfani. Shi ya sa tsohuwar waya ke kama shatin yatsu.

Ruwan kwalbar nan abin da yake yi ke nan: yana barin siririn rufi da zai dawo da santsi ya kori ruwa na wani lokaci. Wannan ba ƙarya ba ne. Ƙaryar tana wajen cewa zai hana fashewa. Gilashin kariya da ake mannawa kaurinsa wajen milimita 0.3 ne, wato nanomita 300,000, kuma aikinsa shi ne ya karɓi duka ya fashe a madadin sikirin, ka ɓare ka sa wani. Rufin da ido ba ya gani ba shi da jikin da zai karɓi duka, idan ya karce kuma sikirin ɗinka ne ya karce.

"9H" da ake bugawa a kwalinsa, har da kwalin gilashin kariyar ma, ma'aunin fensir ne. Yana nufin fensir mafi tauri ba zai karce shi ba, kuma gilashin wayarka tsirara ya riga ya wuce wannan gwajin. Ba shi ne ma'aunin Mohs na duwatsu ba, inda lu'ulu'u ke da 10. A ma'aunin Mohs gilashin waya yana fara karcewa ne a wajen 6. Makulli da kwabo galibi ba su kai nan ba. Amma ƙwayar yashi mai sinadarin kwaz tana da 7, kuma ita ce ke cikin ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan waya da cikin aljihu. Idan ka ga ƙura a sikirin, ka fara hure ta kafin ka goge da gefen riga, in ba haka ba kai da hannunka kake gurza ta a kan gilashin.